Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙungiyar Sikawut ta 'Yan Mata a Ƙauyukanmu

Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata da ke ƙauye a ƙasar Ringim, cikin Jihar Jigawa, kuma ni ce nake kula da ƙungiyar sikawut ta ɗalibanmu. Tun da muka fara, da wuya wata ya wuce ba tare da wani uba ya tare ni a bakin makaranta, ko wata uwa ta aiko a kira ni cikin gida, domin a ji abin da muke koya wa yara ba. Wanda ya haifi 'ya yana da haƙƙin sanin inda take da abin da ake cusa mata, saboda haka nake amsa kowace tambaya da zuciya ɗaya. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na rubuta su kusan yadda aka yi mini su.

Malama, ita wannan ƙungiya mece ce, kuma daga ina ta fito?

Asalinta daga Ingila yake. Wani hafsan soja mai suna Robert Baden-Powell ne ya tara yara maza kimanin 20 a tsibirin Brownsea a shekarar 1907, ya gwada koya musu zaman daji, lura da abin da ke kewaye da su, taimakon juna da dogaro da kai. A 1909 aka yi babban gangamin 'yan sikawut a Landan, sai ga wasu 'yan mata sun bayyana ba tare da gayyata ba, suka ce su ma suna son a yi da su. Wannan ne ya jawo kafa ɓangaren mata a 1910, wanda ake kira Gal Gaid, a ƙarƙashin ƙanwarsa Agnes. Nakan faɗa wa ɗalibaina wannan labari tun ranar farko, domin su san cewa 'yan mata irinsu ne suka buɗe baki suka nemi abin.

Sikawut na maza ya iso Nijeriya a 1915, na mata kuma a 1919, inda Lady Oyinkan Abayomi ta Legas ta yi shekaru masu yawa tana cikin manyan jagororinsa. A 1928 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar duniya, wadda a yau take da mambobi wajen miliyan 10 a ƙasashe kimanin 150. Takensu shi ne zama cikin shiri.

Mu dai abin da muke gani shi ne fareti da ɗaure igiya. Me ya haɗa wannan da shugabanci?

Fareti shi ne abin da mai wucewa yake gani daga bakin katanga, amma ƙashin bayan tafiyar shi ne tsarin ƙananan rukunoni. Ana raba yara shida-shida zuwa takwas-takwas, kowane rukuni ya zaɓi shugabarsa daga cikinsu, ita kuma ta ɗauki mataimakiya. Shugabannin rukunonin suna da majalisarsu, inda suke zama da malama su tsara aikin wata, su raba shi, su kuma dawo su faɗi yadda aka yi. Mafi wahalar aikin malama a wannan majalisa shi ne ta kama bakinta, ko da tana ganin an ɗauko hanyar da ba za ta ɓulle ba, muddin babu haɗari ga lafiyar kowa.

Ga misali daga makarantarmu. Mun dasa darbejiya 20 a gefen fili, muka danƙa shayar da su ga rukuni ɗaya. Shugabar ta ce wa 'yan rukuninta kowa ta riƙa zuba ruwa idan ta samu dama, ba ta sa wa kowa rana ba. Da bazara ta kama, kowace ta ɗauka wata ta zuba, har guda shida suka bushe. Ba a doke ta ba, ba a kuma ƙwace aikin daga hannunta ba. An dai sa ta tsaya a gaban majalisa ta bayyana yadda aka yi, ta sha tambayoyi daga sa'o'inta, ta yi hawaye, sannan ta koma ta rubuta jadawali da sunan kowa da ranarta, har ta yi la'akari da waɗanda gidajensu suka fi kusa da famfon tuƙa-tuƙa ta ba su ranakun da babu makaranta. Sauran 14 suna nan da ransu. Da na tsara mata jadawalin tun farko, da bishiyoyin duka sun rayu, amma da har yau ba ta san cewa aikin da ba a ɗora wa kowa da suna ba, aikin da ba a yi ba ne.

Wannan ya bambanta da monita ta aji. Monita malami ne yake naɗa ta, aikinta rubuta sunayen masu surutu, ƙarfinta kuma daga bulalar malami yake. Shugabar rukuni ba ta da bulala, ba ta da ikon korar kowa. Idan tana son a bi ta, sai ta iya lallashi, ta iya raba aiki da adalci, ta kuma riga kowa ɗaukar bokiti.

Ai 'ya'yanmu mata tun suna ƙanana suke ɗaukar nauyin gida. Me kuma za a ƙara musu?

Wannan tambaya daga wata dattijuwa ta fito, kuma na ce mata, Inna, gaskiyarki. Yarinya 'yar shekara goma a ƙauyenmu ta iya goyo, ta iya surfe da daka, takan ɗebo ruwa kafin ta tafi makaranta, idan kuwa tana tallar fura ko gyaɗa, ta iya lissafin canji fiye da yadda littafin aji yake koyarwa. Ta fuskar juriya da aiki, babu abin da sikawut zai koya mata. Abin da ba ta samu ba shi ne a tambaye ta me take gani. Duk ayyukan nan umarni ne take cikawa: je ki, kawo, ajiye, yi sauri. Za ta iya kai shekara 15 ba a taɓa ba ta wuƙa da nama a kan wani abu da ya shafi mutane fiye da ita kaɗai ba, ba ta taɓa tsayawa gaban mutum goma ta yi bayani ba, ba a kuma taɓa tuhumarta cikin mutunci a kan shawarar da ita ta yanke ba. Waɗannan uku su ne muke ƙarawa, kuma da yake tushen juriya yana nan, yarinyar ƙauye takan kama su da sauri ƙwarai.

Buƙatar irin waɗannan mata ba ɓoyayya ba ce. A ƙasar da namiji baligi ba ya shiga gidan wani, duk aikin da ya shafi mata da jarirai sai mace ta kai shi. Mun gani a yaƙin da aka yi da cutar shan inna: mata ne suka bi gida-gida da rigakafi, suka zauna da iyaye mata suka yi ta bayani har aka yarda. Jihar Kano ta ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a 2014, a Sumaila, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Haka asibitin ƙauye yake buƙatar ma'aikaciyar lafiya 'yar gari, makaranta take buƙatar malama 'yar gari, kwamitin kula da makaranta kuma yake buƙatar uwa wadda idan ta je taro za ta yi magana. Irin wannan mace ba ranar da aka buƙace ta ake ƙirƙirar ta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce? Ina matsayinta a addini?

Allah ya gafarta Malam, suna da tufafi da wasu tsare-tsare daga Turai suka zo, wannan babu musu. Amma tara mata a ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashin jagora daga cikinsu ya riga Baden-Powell a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi mace mai hankali da amana daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa alamar an ba ta jagoranci. Jaji ita ce take jagorantar matan ƙauyensu zuwa wurin Nana, su koyi karatu ta hanyar waƙoƙin da ta tsara, su koma gida su koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Saboda haka ne ma a makarantarmu yara suke kiran shugabar rukuni jaji, kuma ni ban hana su ba.

A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi game da abin kiwonsa, ya kuma ambaci mace a cikin waɗanda aka ba kiwo. Wadda za a tambaya game da amana ta cancanci a koya mata riƙon amana. Ta fannin agaji kuwa, Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a Madina inda take jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A yau ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut a duniya ita ce Indunisiya, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kuma akwai ƙungiyoyin mata a Malesiya da Pakistan da Masar. Alkawarin da yarinya take ɗauka ya ƙunshi sauke haƙƙin Allah, yi wa ƙasa hidima da taimakon mutane. Duk da haka, ni ba mai fatawa ba ce. Kafin mu fara, mun kai wa limamin gari tsarin aikinmu a rubuce ya duba, kuma ina ba duk mai son kafa ƙungiya shawarar ya yi haka.

Wane irin tufafi za su sa?

Kayan makarantarsu da hijabinsu, sai ƙyallen ƙungiya da ake ɗorawa a kai. Babu yarinyar da za a ce ta cire hijabi ko ta sa gajeren kaya.

Ba za ta sa yarinya ta fitsare, ta raina iyaye da miji ba?

Wannan ita ce fargabar da ta fi kowace zurfi, ko da ba a faɗe ta a fili ba. Amsata ita ce kunya daban, tsoro daban, kuma mun daɗe muna haɗa su a tukunya ɗaya. Yarinyar da take durƙusawa ta gaida manya, take sassauta murya a gaban mahaifinta, wannan kunya ce, kuma muna ƙarfafa ta. Yarinyar da ciwo yake cin ta amma ba za ta iya faɗa wa ma'aikaciyar asibiti inda yake mata ba, ko wadda wani ya tare ta a hanyar talla da maganar banza ta kasa sanar da kowa, wannan tsoro ne, kuma yana kashe mata. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Ba zan ɓoye ba, akan samu yarinyar da kanta yake kumbura a makonnin farko da aka zaɓe ta. Tsarin da kansa yake sauke ta, domin idan ta yi wa 'yan rukuninta gadara za su ƙi motsi, aikin ya tsaya, ita ce kuma za ta amsa tambaya a majalisa. Sannan shugabancin na zangon karatu ɗaya ne. Wadda ta ba da umarni a wannan zango, ita za ta karɓa daga wata a zango mai zuwa. Na lura cewa yarinyar da ta taɓa ɗanɗana wahalar tafiyar da mutum bakwai takan fi tausaya wa uwarta da ke tafiyar da gida guda.

Mun ji ana kai su kwana a daji. A wannan zamani?

Ranka ya daɗe, a wurinmu ba a yi. Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, inda aka sace ɗalibai mata 276, da na Dapchi a 2018, da na Jangebe a 2021, babu mai hankalin da zai zargi uba don ya ƙi barin 'yarsa ta kwana a waje. Ba mu kuma manta da hatsarin jirgin ruwa na Bagwai a Jihar Kano a ƙarshen 2021 ba, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya da dama. Dokarmu ita ce zangon yini a cikin harabar makaranta, daga hantsi zuwa la'asar, a ƙarƙashin malamai mata, tare da iyaye mata biyu ko uku da kwamitin makaranta ya wakilta. Yaran su kafa rumfa, su haɗa murhu, su dafa abincinsu da abin da suka tsara suka auna da kansu, su kwashe komai kafin magariba. Na san cewa an rasa wani abu na daɗin zaman daji da takwarorinsu na wasu ƙasashe suke samu, amma darasin tsarawa da raba aiki yana nan cikakke, kuma amincewar iyaye ta fi mana kwanan tanti daraja.

Ban da shugabanci, me suke koya wanda zai amfani gida?

Agajin gaggawa ne kan gaba. Suna koyon haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Wanda ya ga yadda amai da gudawa suke biyo bayan ambaliya, irin wadda ta auka wa Ringim da Hadeja da Auyo da Kafin Hausa a daminar 2022, ya san darajar wannan ɗan ilimi. Suna koyon danne rauni da ƙyalle mai tsafta har jini ya tsaya, da zuba wa ƙuna ruwan sanyi na tsawon lokaci maimakon shafa mata ƙwai ko man goge baki, da cewa wanda maciji ya sara ba a tsaga wurin, a hana shi yawan motsi a gaggauta kai shi asibiti. Akwai kuma tsaftar jiki lokacin al'ada, wadda malamai mata kaɗai suke koyarwa a ɗaki rufe, saboda yara da yawa sukan daina zuwa makaranta a waɗannan kwanaki don rashin wanda zai yi musu bayani.

Sai rubuta bayanin taro, riƙe littafin kuɗi, da renon bishiya, wanda a jihar da hamada take matsowa ta Maigatari da Babura ba ƙaramin aiki ba ne. Kowace fasaha, shugabannin rukuni ake fara koya wa, su kuma su koyar da 'yan rukuninsu, domin wadda ta koyar da abu ta fi wadda ta saurara riƙe shi.

Ina za su samu lokaci, ga Islamiyya ga talla ga aikin gida?

Awa ɗaya da rabi ne a mako. Mun zaɓi yammacin Alhamis saboda makarantun allo da Islamiyyu da yawa suna hutu, kuma ba ranar kasuwarmu ba ce. Da kaka, lokacin roron gyaɗa da girbin riɗi da ɓarar zoɓo, mukan rage haɗuwa zuwa sau biyu a wata, domin mun san hannun yarinya yana da muhimmanci a gida a wannan lokaci. Ƙungiyar da ta yi gasa da tukunyar gida ita za ta faɗi.

Nawa za mu biya?

Akwai kuɗin yin rajista a wurin uwar ƙungiya da kuma kuɗin ƙyalle, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa suke yin kuskure, su tsananta maganar cikakken yunifom da takalmi har abin ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai. Mu muna da asusu guda, wanda yaran suke zuba abin da suka samu daga aikin gayya, kamar ɓarar zoɓo da suke karɓa a matsayin rukuni. Ma'ajiyar ɗaliba ce, takan karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa a ƙarshen wata, kuɗin kuma yana ajiye a ofishin shugabar makaranta. Ba a taɓa mayar da yarinya gida don ba ta da ƙyalle ba.

Ba 'ya'yan masu gari da masu ƙoƙarin aji za a riƙa naɗawa ba?

Da a ce ɗaga hannu ake yi, da haka za ta faru, domin yarinya ba za ta iya ƙin 'yar dagaci a gaban idonta ba. Saboda haka muke zaɓe a ɓoye. Akan ajiye ƙwarya ga kowace 'yar takara a bayan labule, kowace yarinya ta shiga ita kaɗai ta jefa tsakuwa ɗaya. Sakamakon yakan ba malamai mamaki. Sau da yawa wadda ba ta cika magana a aji ba, wadda makinta tsaka-tsaki ne, ita take lashewa, saboda sa'o'inta sun san ita ce ba ta cin amanar sirri, ita ce kuma take raba abu daidai. Yara sun fi mu sanin junansu.

Yarinyar da ba ta zuwa boko fa, ko wadda aka yi wa aure?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, kuma sikawut ba madadin aji ba ne. Amma babu abin da ya hana a kafa rukuni a Islamiyya idan malamanta sun yarda, kuma sau da yawa can ne ma aka fi samun 'yan matan. Ba zan yi alkawarin cewa ƙungiya tana hana cire yarinya daga makaranta ba, domin na ga waɗanda aka cire suna tsakiyar shugabancinsu, kuma abin ya yi mini ciwo. Abin da zan iya shaida shi ne, idan yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba, 'yan rukuninta sukan je gidansu su gaida mahaifiyarta su tambayi lafiya, kuma wannan ziyara ta dawo da wasu. Wadda aka aurar, idan mijinta ya amince, tana iya zuwa ta taimaka wa malama wajen koyar da ƙanana, ko ta tara matan gidansu ta koya musu abin da ta iya.

Idan muna son kafa irinta a ƙauyenmu, ta ina za mu fara?

A fara da samun mace baliga mai haƙuri wadda iyaye suka yarda da ita, malama ce ko ma'aikaciyar lafiya. Ita da shugabar makaranta su sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, su nemi reshen ƙungiyar Gal Gaid na jiha domin rajista da horo, saboda a tabbatar abin da ake koyarwa daidai ne, musamman agajin gaggawa. Kafin a kira yarinya ko ɗaya, a je gaisuwa wurin dagaci da liman, a zauna da kwamitin makaranta, a kuma shiga gidaje a yi wa iyaye mata bayani, domin su ne za su saki yarinya ranar Alhamis ko su riƙe ta. Kada a ɗebi yara da yawa. 12 zuwa 16, wato rukuni biyu, sun isa shekarar farko. Aikin farko ya zama wanda gari zai gani da idonsa cikin mako biyu ko uku, kamar share kewayen famfo da gyara magudanarsa, kuma a bar yaran su zaɓi ranar, su aro tsintsiya da shebur da bakinsu, su kuma je da kansu su sanar da mai unguwa.